Tsarin PAL

PAL tsari ne na aika hoton talabijin mai launi ta siginar analog. Injiniya Walter Bruch ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Telefunken na Jamus ta Yamma, aka fara watsa shirye-shirye da shi a Ingila da Jamus a 1967. Shi Najeriya ta ɗauka, Nijar kuwa ta bi tsarin SECAM na Faransa.

A yawancin ƙasashen da suka bi PAL, hoto ɗaya layi 625 ne, amma 576 kaɗai ke fitowa a allo. Akwatin talabijin ba ya zana su a lokaci guda. Sai ya zana layi ɗaya ya tsallake ɗaya har ƙasa, sannan ya dawo ya cike gurbin, yana sauka sau 50 a daƙiƙa, sauka biyu hoto ɗaya, wato cikakken hoto 25.

Gwanintar tsarin tana wajen launi. A tsohon tsarin NTSC na Amurka, in sigina ta ɗan gurɓace a hanya, fuskar mai karanta labarai kan koma kore-kore ko ja-ja. PAL yana juya wani ɓangare na siginar launi a kowane layi, kuskuren wannan layi ya kashe na wancan, fata ta fito da kalarta. Dabara ce mai kyau ƙwarai.

Wayar nan mai bakin rawaya a bayan na'urar bidiyo ko dikoda ita ke ɗaukar wannan sigina, haske da launi a cakuɗe. Masu bakin fari da ja kuwa na sauti ne. Cakuɗar haske da launin ce ke sa ɗigo-ɗigo su riƙa rarrafe a gefen rubutu. Wayar HDMI kuwa dijital ce, hoto da sauti duk ta cikinta suke bi.