Zaman Makoki da Sadakar Mamaci a Ƙasar Hausa

Tun da Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa, gawa ba ta jira: a yi mata wanka, a sa likkafani, a sallace ta, a kai maƙabarta, galibi a ranar. Zaman makoki ke biyo baya, maza kan tabarmi a ƙofar gida, mata a ciki. A da ana sadakar uku, bakwai da arba'in, a raba gumba ko waina, malamai su yi addu'a. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azinta ya kira waɗannan sadakoki bidi'a, gidaje da yawa suka tsaya kan kwana uku. Takaba kuwa ba ta sauya ba: wata huɗu da kwana goma.