Waiwaye Kan Koyar da Kimiyya da Fasaha a Aikace a Makarantun Nijeriya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ba a koyon ƙira da ka. Ɗan maƙeri da zuga yake farawa, sannan ya riƙe awartaki, kafin a miƙa masa masaba. Haka abin yake a marina da majema. Idan muka waiwayi tarihin ilimin boko a Nijeriya, za mu ga an sha ƙoƙarin shigar da wannan hanya ta koyo a aikace cikin manhaja, amma sau da yawa ƙoƙarin kan tsaya a takarda.

A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano. Baya ga karatu da lissafi, makarantar tana da sashen sana'o'i inda ake koyar da dukanci da ƙira da aikin kafinta, kuma da Hausa ake koyarwa. Sai dai buƙatar gwamnatin mulkin mallaka ta fi karkata ga samun akawuna da ma'aikatan En'e, saboda haka karatun littafi da cin jarrabawa suka rinjayi aikin hannu.

Wannan giɓi ne taron ƙasa kan manhaja da aka yi a Legas a 1969 ya nemi cikewa. Daga shawarwarinsa aka samar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, wadda ta zo da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982. A ƙaramar sakandare an shigar da darasin share fagen fasaha, wanda ya ƙunshi aikin katako da na ƙarfe da zanen fasaha da lantarki. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai ta rarraba wa makarantu. To amma a wurare da dama babu ɗakin aiki, babu wutar lantarki, babu kuma malamin da aka horar kan sarrafa injunan. Da yawa daga cikinsu a akwatunansu suka yi tsatsa, malamai suka koma zana zarto a kan allo, ɗalibai suna haddace sunayen sassansa.

A Ile-Ife kuwa wani gwaji aka yi dabam. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, ciki har da kimiyya da lissafi, Ingilishi kuma ya zama darasi mai zaman kansa. An rubuta littattafai, an ƙirƙiri kalmomi, an horar da malamai. Sakamakon ya nuna yaran ba su koma baya a Ingilishi ba, sun kuma taka rawar gani a kimiyya. A ganinmu dalilin a fili yake. Gwaji a aji yana buƙatar yaro ya yi tambaya, ya yi hasashe, ya bayyana abin da ya gani, kuma duk waɗannan sun fi yi masa sauƙi da harshen da yake tunani da shi.

Darasin da muka ɗauka daga wannan tarihi shi ne, shirin 1982 ya fara da injuna, na Ife kuma ya fara da malami da harshe. Don haka muna ba masu tsara manhajar Hausa shawarar su haɗa kowane babi na kimiyya da aikin da za a iya yi da abin da ke kusa: tace ruwa da yashi da gawayi, bin tsirowar wake a gwangwani, ko kai ziyara maƙerar unguwa domin ganin yadda zafi ke tausasa ƙarfe. A tanadi kalmomin da ɗalibi zai bayyana aikin da su, a kuma horar da malami kafin a kai masa kaya. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, kuma ɗalibin da ya yi gwaji da hannunsa ya bayyana shi da bakinsa, da wuya ya manta.