Aska da Alƙalami: Abin da Fatar Bahaushe Ta Ɗauka

A Masar, Kibɗawa Kiristoci sun daɗe suna zana ƙaramin gicciye a wuyan hannu, shaidar addini da ba ta goguwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri cewa ana danganta asalin Gobirawa da waɗannan Kibɗawa. Amma tsagar Bagobiri ba ta faɗin abin da yake bauta wa. Gidan da ya fito take faɗa.

Haka abin yake a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ranar suna wanzami kan yi wa jariri aski, ya yi masa tsagar gado, ta yadda za a bambance Bazamfare da Bagobiri da Bakabe tun kafin su buɗe baki. A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, kafin jihadin 1804 da bayansa, wannan shaida kan sa dangi su gane nasu su fanso shi. Mata kuwa suna da jarfa ta ado, wadda ake tsagawa a cusa baƙi don ta zauna.

To, ina alamar addini ta tafi? Hadisi ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa, saboda haka malamai ba su ɗora aya a kan fata ba. Sun rubuta ta a allo, an wanke an sha, ko an naɗe ta cikin laya an rataya. Aska ta riƙe nasaba, alƙalami ya riƙe imani.

Wa'azi da boko da tsoron cututtukan da aska ke yaɗawa sun rage tsaga ƙwarai. Shari'ar da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar a 1999 ta ƙara wa muryar malamai ƙarfi, sannan dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga. Lalle ne ya tsira, domin yana gogewa.

Daina tsaga yara daidai ne. Sai dai jera layuka daidai wa daida a kuncin jariri ɗan kwana bakwai gwaninta ce, kuma kundinta yana fuskokin tsofaffi. In ba a ɗauki hotunansu da izininsu ba, ba a kuma naɗi bayanin wanzamai kan sunan kowace tsaga da ma'anarta ba, kowace jana'iza za ta tafi da shafi guda na tarihin Zamfara.