Tarihin Buga Nama Mai Rai a Cikin Jiki

Buga nama mai rai a cikin jiki fasaha ce ta jera ƙwayoyin halitta hawa-hawa a kan rauni kai tsaye, domin jikin majinyaci ya rene su har su cike gurbin abin da ya lalace. Asalinta firintar ofis ce. A 2003 Thomas Boland na Jami'ar Clemson a Amurka ya nuna cewa idan aka zuba ƙwayoyin halitta a mazubin tawada, firinta za ta fesa su kuma su rayu.

Kafin nan, a ɗakin gwaje-gwaje ake noma nama sannan a dasa. Haka Anthony Atala ya yi tun 1999, inda ya raini mafitsara daga ƙwayoyin majinyatansa ya dasa musu. Sai dai hanyar tana cin makonni, naman yana iya lalacewa wajen ɗauka, kuma ba kullum yake dacewa da siffar raunin ba. A 2007 Phil Campbell da Lee Weiss suka kawo shawarar a kai na'urar wurin raunin, tunda babu mareni irin jiki.

Masana a Bordeaux ta Faransa ne suka gwada hakan a 2010, suka buga sinadarin ƙashi a ramin ƙoƙon kan ɓeraye da hasken leza. A Ostareliya aka ƙera wani alƙalami da likitan tiyata zai riƙe ya cike guringuntsin gwiwa, aka jarraba shi a kan tumaki. A 2019 cibiyar Wake Forest ta auna raunukan aladu da na'ura, ta buga musu fata daga ƙwayoyin jikinsu, raunukan suka fi saurin rufewa. Masu fama da ƙuna mai faɗi su ne za su fi cin moriyar wannan, domin sau da yawa ba su da ragowar fatar da za a yanko a dasa. A 2025 kuma masana a Caltech suka yi amfani da sautin da kunne ba ya ji wajen daskarar da tawadar bugu a cikin tsokar zomaye, ba tare da an tsaga su ba.

Babban cikas har yau shi ne jijiyoyin jini. Ƙwayar da ta yi nisa da jini fiye da kusan kashi 1 cikin 5 na milimita yunwar iska ke kashe ta, shi ya sa fata da guringuntsi suka riga ƙoda da hanta. Akasarin aikin yana matakin gwaji a kan dabbobi.