Jingar da Ba Ta Ƙare a Hannun Mai Ƙosai Ba

Duk wanda ya taɓa zama a aji cikinmu ya san makomar jinga. Ɗalibi ya kwana yana rubutu, malami ya bi ta da jan biro, ya sa maki, daga nan takardar ta shige durowa, in ta yi rashin sa'a mai ƙosai ta naɗe kayanta da ita. Mutum ɗaya tak ya karanta.

Da Wikipedia ta bayyana a Janairun 2001, yawancin malaman jami'a kallon hadarin kaji suka yi mata. A 2007 sashen tarihi na Kwalejin Middlebury a Amurka ya hana ɗalibansa kafa hujja da ita. Amma tun 2003 Andrew Lih ya riga ya tura ɗalibansa na aikin jarida a Jami'ar Hong Kong su je su yi rubutu a cikinta.

Wanda ya fi jan hankali shi ne Jon Beasley-Murray na Jami'ar British Columbia a Kanada. A 2008 ya ce wa masu ɗaukar darasinsa na adabin Latin Amurka: duk rukunin da maƙalarsa ta kai matakin zaɓaɓɓun maƙalu, maki mafi girma nasa ne. Uku suka kai, har da wadda aka rubuta kan littafin El Señor Presidente na Miguel Ángel Asturias, maƙalar da babu ita sam kafin ajin ya fara. Abin da ake yawan mantawa idan ana ba da labarin nan shi ne, wasu tsofaffin editoci 'yan sa-kai ne suka riƙe hannun yaran tun daga farko, suna gyara, suna nuna masu yadda ake kawo madogara.

A 2010 Gidauniyar Wikimedia ta mayar da wannan riƙon hannu tsari. Ta fara da azuzuwan nazarin manufofin gwamnati a jami'o'in Amurka, ta naɗa mataimakan da ta kira jakadu, wasu a harabar makaranta, wasu a intanet.

Sai aka yi gaggawa. A 2011 aka kai shirin birnin Pune na Indiya, aka zuba ɗalibai wajen dubu a Wikipedia ta Turanci lokaci guda. Da yawansu suka riƙa kwafo shafuka daga littattafai da intanet suna liƙawa, abin da ya saɓa wa haƙƙin mallaka. Editoci suka bar nasu ayyukan suka shafe makonni suna share ɓarna, rai ya ɓaci, kafin shekarar ta ƙare aka dakatar da shirin. Mu dai ba mu ga laifin yaran sosai ba. An ba su maki a kan abin da ba a koya masu ba, jakadun da aka haɗa su da su kuwa yawancinsu sababbin shiga ne.

A Alƙahira, a 2012, an gyara kuskuren: azuzuwa kaɗan a Jami'ar Alƙahira da ta Ain Shams, rubutu da Larabci, editocin gida a kusa. Shirin ya kama ƙasa. A 2013 aka kafa Wiki Education domin Amurka da Kanada, da ma'aikata na dindindin, da darussan horo, daga baya kuma da allon da malami zai riƙa ganin abin da kowane ɗalibi ya rubuta. A shekarar ce kuma ɗaliban likitanci na Jami'ar California a San Francisco suka fara samun maki a kan gyara maƙalun lafiya.

Muna da Wikipedia ta Hausa, muna kuma da sassan Hausa a jami'o'i daga Kano zuwa Zariya, Sakkwato da Yamai, inda ake rubuta jinga kan waƙa da tarihi da magungunan gargajiya kowane zango. Sai dai editocinmu ba su kai na Turanci yawa ba, ko kusa. Malamin da ya turo ɗalibai 200 a mako guda ba tare da ya fara neman su ba, ƙaramar Pune zai haɗa mana, masu sharewar kuma mutanen da ke gyara da wayar hannu ne, da datar da suka saya da kuɗinsu.