AMSOSHIN WASIƘUNKU: Tarihin Gyaran Lanƙwasasshiyar Ƙafar Jariri

Wani mai sauraronmu, manomi daga ƙasar Gumel, ya aiko yana cewa an haifa masa ɗa ƙafarsa a lanƙwashe, tafin yana kallon ciki. Yana tambaya, shin ana gyarawa, kuma wa ya gano maganin?

To, Malam, Allah Ya raya. Da farko dai ka kwantar da hankalinka. Wannan ba sammu ba ne, ba kuma laifin mai jego ba ne. A cikin jarirai 1,000 akan sami kamar guda ɗaya da haka, kuma ana gyarawa.

Wanda ya gano hanyar da ake bi yanzu wani likitan ƙashi ne, Ignacio Ponseti, mutumin ƙasar Sifen, an haife shi a 1914. Bayan yaƙin basasar ƙasarsu ya yi gudun hijira, ya isa Jami'ar Iowa ta Amurka a 1941. A zamanin nan likitoci tiyata suke yi. Da ya bi sawun waɗanda aka yi wa aikin, sai ya tarar bayan sun girma ƙafar ta sandare, ga ciwo, ga rashin ƙarfi. Sai ya koma yana nazarin ƙafafun jarirai, ya gane cewa jijiyoyinsu danyu ne, suna miƙewa in an bi su sannu a hankali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga yadda yake yi. Kowane mako zai murza ƙafar kaɗan da hannu, ya naɗe ta da filasta, har kamar sau 5 ko 6. Daga nan yawanci a ɗan tsaga jijiyar agara, a sake naɗewa na mako 3. Sai a sa wa yaro takalma masu ƙarfe a tsakani, dare da rana har wata 3, bayan nan da dare kawai har ya kai shekara 4 ko 5.

A 1963 ya buga sakamakon bincikensa, amma likitoci suka yi biris da shi shekara da shekaru. Sai da ya fitar da littafi a 1996, iyaye suka riƙa gaya wa juna, sannan duniya ta karɓa. Ya rasu a 2009 yana da shekara 95.

Saboda haka, Malam, kada ka jira sai an gama girbi. A kai shi asibitin ƙashi, kamar na Dala a Kano, tun a makonnin farko. Kuma a kula da takalman nan ƙwarai, don yawancin ƙafar da ta koma, daina sa su ne ya jawo.

A gaida mai jego. Sai mun ji daga gare ku.