Jingina Biyu, Suna Ɗaya

Sunan garin Zango, wanda ke gabas da Daura daf da iyakar Nijar, kalma ce ta fatake. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana, kuma da shi ake auna tafiya, a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne. Kalmar ta bi 'yan goro har Gwanja, shi ya sa ake kiran unguwannin Hausawa na Kumasi da sunan Zongo har yau. A wannan gari ne sarakunan Haɓe na Daura suka zauna bayan jihadi ya fitar da su daga birni a farkon ƙarni na 19, har Turawa suka ɗauko Malam Musa daga nan suka ba shi sarautar Daura.

Ba sunan kaɗai fatauci ya bar mana ba. Ya bar mana harshen ciniki, kuma kusan kowace kalma a cikinsa mutum take nunawa, ba takarda ba. Madugu ke jan ayari, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito. In an isa gari, baƙo ya sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Dillali kuwa la'ada yake ci. Idan mai saye ba shi da kuɗi a hannu, sai wani ya tsaya masa: wannan shi ne lamuni. Asalin lamuni ke nan, mutum ya ɗora mutuncinsa a kan bashin wani. Yau gidajen rediyo kan ce banki ya ba manoma lamuni, suna nufin rance kawai. Mai tsayawar ya ɓace daga cikin kalmar, amma bai ɓace daga takardar banki ba, inda sa hannunsa ke nufin shi zai biya in mai bashi ya gaza.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun kawo nasu kason: alƙali, shaida, amana, wasiyya, wakili. Sun kuma bar mana rikici guda. Larabci yana da kalma ɗaya ga abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, da wata dabam ga ƙarin da aka haramta a kan bashi. Dukansu biyu suka shigo Hausa, a baki ana bambanta su da karin sauti, amma a rubutun boko duka "riba" ne. Ina ganin shi ya sa "kuɗin ruwa" ya samu karɓuwa: ba ya barin kowa cikin shakka.

Na Turawa ba su da wuyar ganewa: fam, sule, sisi, kwabo, rasit, lauya, beli. Jaka ce mai ban sha'awa. Jakar kuɗi ta zamanin Ingilishi fam 100 ce, da naira ta zo a 1973 aka canza fam ɗaya a kan naira biyu, sai jaka ta zama naira 200. Ka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Damagaram kuwa, jika sefa 1,000 ce, dala kuma sefa biyar. Ɗan kasuwar kan iyaka ya san da wannan tun yana yaron shago.

Inda abin ke cin mutane shi ne jingina. A al'adar ƙauyukanmu, wanda ya jinginar da gona yakan miƙa ta ga mai kuɗi, shi kuma ya yi ta nomanta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Galibi ba a yanka wa'adi, bashin ba ya ƙaruwa, gonar kuma ba ta zama ta mai kuɗi ba komai daɗewa; ɗa ko jika na iya zuwa ya fanshe ta. Malamai sun daɗe suna sukar wannan, domin cin amfanin gonar a wurinsu bashi ne da ya jawo amfani. Amma manomi ya san abu ɗaya: gonarsa tana nan.

Jinginar banki ta juya wannan tsari gaba ɗaya. Gonar ko gidan na hannunka, takardar ce ke hannunsu. Akwai wa'adi, ruwa na hawa, kuma in ka gaza banki na da ikon sayar da kadarar. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ƙara wani mataki: ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, abin da mutum ya mallaka haƙƙin zama ne, kuma jinginar da filin da ke da takardar gwamna ba ta inganta sai da amincewarsa.

To, ma'aikacin banki da ke fassara wa dattijo takardar Turanci ba shi da wata kalma sai "jingina". Bai yi ƙarya ba. Dattijon ya ji kalmar da ubansa ya yi amfani da ita shekarar da fari ya ci gero, gonar kuma ta dawo bayan damina huɗu, sai ya miƙa babban yatsa a shafa masa tawada.